SANA'A SA'A: Makullin Maratayin Jita, Wanne Za Mu Zaɓa?

A wannan fili namu na Sana'a Sa'a mun saba tattaunawa a kan sana'o'in mutanenmu da kayan aikinsu. A watan jiya mun yi alkawarin ci gaba da bayani a kan gyaran keken ɗinki, to amma wani abu ya faru a nan unguwarmu ta Briqueterie, wadda muka fi kira Birik, wanda ya sa dole muka jingine wancan alkawari. Muna roƙon teloli su yi mana afuwa, ko da yake su ma maganar ta yau ta shafe su, domin kuwa yaron tela ne abin ya faɗa wa.

Ga yadda aka yi. Wani matashi ɗan unguwar nan, mai koyon ɗinki da rana, yana kuma taɓa kaɗa jita in dare ya yi, an gayyace shi da abokansa su yi wasa a wani bikin aure. Da yake tasa jitar ba ta lantarki ba ce, sai ya tafi wata unguwa ya aro ta wani abokinsa ɗan ƙabilar Ewondo, mai kiɗan bikutsi. Wasa ya yi wasa, ana ta liƙi, sai yaro ya ɗaga hannu biyu don ya jinjina wa uwar amarya. Nan take maratayi ya zame daga maɓallinsa, jita ta kife a kan siminti, kanta ya karye daga wuya.

Washegari aka zauna sulhu a shagon maigidansa, mu ma muna wurin. Da maigidan ya tambaye shi yadda aka yi, sai yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wallahi ban sake ta ba, ita ce ta sake ni." An yi dariya, amma ba ta daɗe ba, domin a ƙarshe maigida ne ya ɗauki nauyin gyara, da sharaɗin za a riƙa cirewa daga abin da yaron zai samu a ɗinkin Sallah. Abin da ya fi damun dattawan da ke wurin ma ba kuɗin ba ne, suna ne. Tun zamanin mulkin Jamus da kakanninmu suka iso Yawunde da fatauci, amana ce ta zaunar da mu lafiya da masu gari. In aka ba ɗanmu aron kaya ya mayar a karye, ba shi kaɗai za a ambata ba, cewa za a yi yaran Birik.

Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan wannan fili da jita? Amsa ita ce, kayan aiki kayan aiki ne, kuma muna da matasa a nan Yawunde da Duwala da Garwa da Ngaundare waɗanda ke neman na kansu da ita. Abin da zai hana wannan asara kuwa bai fi girman dala ashirin ba. Shi ne makullin maratayi. Tun bayan faruwar abin matasa ke tsayar da mu a hanya suna tambaya wanne ya fi, shi ya sa muka ga ya dace mu amsa wa kowa a wuri ɗaya.

Da farko bari mu ga dalilin da ke sa maratayi zamewa. Jitar lantarki ba ƙwarya ba ce kamar gurmi, ba kuma gwangwani ba ce kamar kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, gungumen katako ce. Samfurin Stratocaster da kamfanin Fender ya fito da shi a 1954 yakan kai kilo 3 da rabi, shi kuwa Les Paul na kamfanin Gibson, wanda ya fito a 1952, yakan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, wani lokaci ma ya haura. Duk wannan nauyi a kan 'yan maɓallai biyu na ƙarfe yake rataye, ɗaya a kafaɗar jita, ɗaya a gindinta, kowanne kusa mai zare guda ɗaya ce ke riƙe da shi. Shi kuma bakin maratayi rami ne da 'yar tsaga, kamar dai gidan maɓallin riga. Kowane tela ya san yadda gidan maɓalli ke saki in riga ta sha jiki. To haka fata take, balle ta sha gumi da laimar daminar Yawunde, wadda ke zuwa sau biyu a shekara. In maratayin na araha ne, mai bakin leda maimakon fata, abin ya fi sauri. Makaɗanmu na gargajiya ɗaure maratayin kalangu da na ganga suke yi, ba ɓallawa ba, shi ya sa da wuya ka ji kalangu ya kuɓuce wa mai shi a tsakiyar fage.

Ɓarnar faɗuwa kuma ta danganta da irin jitar. Tsirkiyoyi shida na jan kan jita da ƙarfin da ya kai wajen kilo 45, dare da rana. Kan Les Paul a karkace yake zuwa baya, itacen wuyan dangin maɗaci ne, an kuma rarake daidai wurin don sandar ƙarfen da ke miƙe wuya. Saboda haka da ta faɗi, nan ne take karyewa, kuma wuyan manne yake da jiki, ba a kwance shi. Na Fender kuwa kansa a miƙe yake, wuyan da kusoshi huɗu aka ɗaure shi, in ya lalace ana iya sauya wani. Jitar da yaronmu ya aro kwaikwayon Les Paul ce, shi ya sa tsautsayin ya zo da tsada.

Yanzu sai mu zo ga makullan. Iri huɗu ne aka fi sani.

Na farko shi ne zoben roba. Bayan an ɓalla maratayi, sai a tura zoben roba mai kauri a kan maɓalli, ya zauna a bayan fata ya hana ta fita. Makaɗan Turai da Amurka sun daɗe suna ciro jar robar da ke bakin kwalbar giyar Grolsch ta ƙasar Holan don wannan aiki, har kamfanin Fender ya ga abin ya karɓu, ya shiga sayar da nasa da sunan Strap Blocks. Mu ba ma bukatar zuwa kusa da kwalbar kowa. Masu sayar da kayan famfo a kasuwar Mokolo suna da zoben roba iri-iri, mai faci na iya yanko maka daga tsohon tiyub na babbar mota, baduku kuma na iya fitar maka da shi daga fata mai kauri irin ta ƙasan takalmi. Sharaɗi ɗaya ne, ramin tsakiya ya zama ƙarami, sai da ƙyar zai shiga. Amfaninsa shi ne ba a taɓa kusa, ba a huda komai, ba ya ƙara, kuma in ya ɓata ba a yi asara ba. Aibinsa kuwa, cire maratayi yakan zama aiki, roba takan bushe ta tsattsage in ta sha zafi, kuma in kan maɓallin ƙarami ne ƙwarai ba ta kamawa sosai. Akwai ƙanensa da ya fi shi ƙarfi, wato a kwance kusa, a sa faffaɗan washa na ƙarfe a bayan fata, a mayar da kusa a ɗaure. Wannan maratayi ba zai fita ba har abada, ko da kai ne kake so ya fita.

Na biyu shi ne na kamfanin Schaller na ƙasar Jamus, wanda ya fito a 1981. Shi kashi biyu ne. Ana cire maɓallin jita a sa nasu, sannan a ɗaure wani ƙarfe mai siffar harafin U a bakin maratayi da noti. Maɓalli na shiga cikin wannan U ɗin, wani ɗan tsinke mai sifirin ya faɗa cikin raminsa ya kulle, in za a cire sai a ja ɗan kan tsinken. Kyawunsa shi ne, in an ɗaura shi daidai, bakin U yana kallon sama, to jita zaune take a cikinsa kamar tukunya a kan murhu, ko sifirin ya mutu ba za ta faɗi nan take ba. Amma nan ɗin ne kuma rauninsa yake. Notin da ke riƙe da fata yakan saki a hankali, U ya juya ya kalli ƙasa ba tare da mai shi ya lura ba, daga nan komai ya dogara ga ɗan tsinke. Tsohon samfurin yakan yi 'yar ƙara, kuma zarensa gajere ne ga fata mai kauri irin wadda dukawanmu ke yi. A 2018 kamfanin ya fito da sabon samfuri mai suna S-Locks, inda ya tsawaita zaren, ya sauya notin da wata ƙafa mai 'yar kusar kulle ta, ya kuma haɗe maɓalli da kusarsa suka zama abu ɗaya. An rage matsala, sai dai an kawo wata, domin in ramin jitarka bai dace da kaurin tasu kusar ba, ba ka da damar sa taka.

Na uku shi ne Straplok na kamfanin Dunlop da ke Kalifoniya a Amurka. Shi ma kashi biyu ne, amma nasa wani sanda ne gajere ke shiga cikin ramin maɓalli, wasu ƙananan ƙwallayen ƙarfe irin na boris ɗin keke su buɗe su kama. In za a cire sai a danna kansa da babban yatsa. Yana juyawa ko ta ina, saboda haka ba ruwansa da sama ko ƙasa, kuma kamfanin na cewa an gwada shi da nauyin da ya haura kilo 350. Samfurinsa da ake kira Dual Design yana da faffaɗan kai, wanda ko ka manta maratayinka a gida ka ari na wani, zai ɓallu yadda aka saba. Aibinsa shi ne ba shi da murhun da jita za ta zauna a kai, ƙwallayen nan su ne komai. In jar ƙurar rani ta shiga, ko tsatsar damina ta kama su, sai su ƙi buɗewa sosai, mutum ya zaci ya kulle alhali bai kulle ba. Mai irin wannan dole ya riƙa goge shi, ya ɗiga masa ɗigo ɗaya na man keken ɗinki lokaci-lokaci, kuma kullum in ya sa, ya saurari ƙarar kamawa, sannan ya fizga ya gani. A kuma sani cewa na Schaller ba ya shiga na Dunlop, na Dunlop ba ya shiga na Schaller.

Na huɗu shi ne maratayi mai zuwa da makullinsa. Na kamfanin DiMarzio, mai suna ClipLock, ana ɗaure guntayen bakinsa biyu a jikin jita da kusa, sai a riƙa haɗa su da sauran maratayin da ƙugiyar roba irin ta jakar 'yan makaranta. Na kamfanin D'Addario kuwa bakinsa ne ke cafke maɓallin da ke jikin jita, ba a kwance komai. Suna da sauƙin aiki, amma ranar da ƙugiyar ta fashe, maratayin gaba ɗaya ya tashi aiki, kuma babu baduku a Birik da zai ɗinka maka roba.

To wanne za mu zaɓa? Mu a ganinmu tambaya uku mutum zai yi wa kansa kafin ya buɗe aljihu.

Tambaya ta farko, jitar ta wa ce? In ta aro ce, ko ta haya, ko ta ƙungiya, to magana ta ƙare, zoben roba ne naka. Ba ka da hurumin kwance kusa a jikin kayan wani. Zobe biyu a aljihun riga sun isa, ka sa in za ka fara, ka cire in ka gama, ka mayar da kaya yadda aka ba ka.

Tambaya ta biyu, yaya kake wasa? Mai zama a kan kujera yana koyo a ɗaki ba ya bukatar ƙarfe. Mai tsayuwa wuri ɗaya a gidan biki, roba ta ishe shi. Amma akwai masu wasan da jikinsu ba ya tsayawa. Manya daga cikinmu sun tuna ƙungiyar Les Têtes Brûlées ta nan Yawunde, masu aske rabin kai da fenti a fuska, waɗanda suka raka 'yan wasan ƙwallonmu zuwa Italiya a 1990, yadda suke tsalle da guje-guje a dandamali jita na wuyansu. Duk mai irin wannan wasa, ko mai sauya jita biyu a dare ɗaya da maratayi ɗaya, shi ne makullin ƙarfe ya dace da shi. Tsakanin biyun kuwa, in kai mai mantuwa ne wajen sa mai da goge kaya, ɗauki Schaller ka riƙa duba noti. In kana yawan aron maratayi, ko kana juya jita a jiki, ɗauki Dunlop ka riƙa tsabtace shi.

Tambaya ta uku, in ya lalace wa zai gyara? Makullin ƙarfe na gaske yakan kai Yuro 20 ko fiye a Turai. Yuro ɗaya kuwa sefa 656 ne, wato abin ya haura sefa 13,000 tun kafin a sa kuɗin kawowa da na kwastan. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994 muka san cewa abin da Bature ke kira ɗan canji, a wurinmu kuɗin cefane ne na kwanaki. In ɗan sifirin ko ɗan zoben da ke riƙe shi ya ɓata, da wuya a samu shi kaɗai, sai an sayi sabo. Ga kuma jabu da ke yawo, masu kama da na gaske a ido, amma ƙarfensu mai taushi ne, zarensu na cinyewa tun ɗaurin farko. Jabun makulli ya fi rashin makulli haɗari, domin yana sa mutum ya saki jiki. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma a nan sai mu rarrabe tsakanin araha da jabu. Marigayi Messi Martin na ƙungiyar Los Camaroes, wadda ta taso daga Marwa kafin ta sauko Yawunde, da zaren auduga ya saƙa tsakanin tsirkiyoyin jitarsa har ta riƙa fitar da amon balafon ɗin Beti, Zanzibar na Les Têtes Brûlées, wanda ya rasu a 1988, shi kuma da guntun soso ya yi. Da zare da soso aka kafa kiɗan jitar bikutsi da duniya ta sani, ba da kayan kanti ba.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce mafi muhimmanci, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. Ƙarfin kowane makulli ba ya wuce ƙarfin kusar da ke cikin katako. Sau da yawa ba maratayi ne ke fita ba, maɓallin ne gaba ɗaya ke tumɓukewa da kusarsa, makulli na nan a kulle, jita na ƙasa. Yawancin jitocin da ke hannun yaranmu kwaikwayo ne da aka yi da itace mai laushi, wanda ke kumbura da damina ya tsuke da rani, har ramin kusa ya yi faɗi. Makullin ƙarfe ma ƙara wa kusa wahala yake yi, domin yana nisanta maratayi daga jikin jita, nauyi ya riƙa lanƙwasa ta. Bugu da ƙari, kusar da ke zuwa da makulli takan fi ta asali siranta, musamman a jitocin Gibson, sai ta shiga rami tana lilo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Maganin wannan yana wurin mai tsire da kafinta. A kwance kusa, a samo tsinken sakace biyu ko uku, ko ashana da aka cire wa kai, a shafa musu farin gam na kafinta, a cusa cikin ramin, a karya abin da ya yi saura daidai da jikin jita, a mayar da kusa a ɗaure da hannu, a bar ta ta kwana kafin a rataya. Kada a yi amfani da gam mai kamawa nan take, kada kuma a ɗaure da inji. Kada a sa kusa mai tsawo a ƙahon sama ba tare da an auna ba, domin tana iya tsaga katako ko ta ɓullo ta ɗaya gefen. A sa ɗan zoben fata mai laushi tsakanin maɓalli da jikin jita don kada fenti ya fashe. In an gama, a tsaya a kan katifa a rataya, a girgiza, a ɗaga wuyan jita sama da ƙasa. In za ta faɗi, gara ta faɗi a nan.

Har ila yau, a kai maratayi wurin baduku ya duba bakinsa. In ramin ya yi faɗi, ya ɗinke tsagar ko ya ƙara fata a bayanta. A kuma cire maratayi mai makullin ƙarfe kafin a sa jita cikin jaka, don kada ya karce ta a kan babur. Duk wannan a yi shi tun ana saura kwana biyu biki, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan komai makullin da ka sa, in za ka gaida mutane, ɗaga hannu ɗaya ya isa, ɗayan ya zauna a wuyan jita.

Game da yaronmu kuwa, an samu wani gwanin gyara ya haɗa kan jitar da gam, ta dawo tana kiɗa, sai dai tabon na nan, kuma in mai ita ya tashi sayarwa ba za ta yi kuɗin da ba. Ranar da za a mayar da ita, maigidan ya aike shi wurin wani tsohon baduku da ke layinsu. Tsohon ya juya maratayin a hannu, ya zura babban yatsansa cikin ramin ya fito ta baya, ya ce, "Ɗana, wannan ai ko akuya ba za a ɗaure da shi ba." Ya ɗinke bakin, ya yanka zobe huɗu na fata, ya ƙi karɓar ko dala. Biyu yaron ya sa wa jitar abokinsa kafin ya miƙa ta, biyu kuma suna cikin aljihunsa har yau.

Masu sana'ar da ke da tambaya, ko wani abin da suka gwada ya yi musu amfani, sai su aiko mana da wasiƙa ta ofishin wannan mujalla, da Hausa ko da Faransanci. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan keken ɗinki, mu duba abin da ke sa zare tsinkewa da tsallen ɗinki.